Abin da na gani a wurin masu ra'ayin kawo sauyi na Amurka

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka tun daren jiya, inda kake cewa kullum kana jin gidajen rediyo suna ambaton masu ra'ayin kawo sauyi a siyasar Amurka, kana son sanin me suke nema, kuma me ya sa Musulmi da yawa a can suke zaɓensu alhali su ne masu goyon bayan auren jinsi da zubar da ciki. Na ga wasu sun ba ka amsa da kalma ɗaya, wai lalatattu ne kawai. Shekarata 17 a garin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, inda mu 'yan Nijar muke da yawa, kuma mafi yawan shekarun nan a rumbun ajiyar kaya na yi su, ina ɗaga kwali tare da Amurkawa baƙaƙe da farare. Abin da idona ya gani shi zan faɗa maka.

Ka fara da sanin cewa ba jam'iyya ba ce mai zaman kanta. Ɓangare ne a cikin jam'iyyar Democrat, kuma sau da yawa da dattawan jam'iyyar suke faɗa kafin su juya kan 'yan Republican. Babbansu shi ne Bernie Sanders, sanata daga jihar Vermont, wanda ya nemi takarar shugaban ƙasa a 2016 da 2020 bai samu ba. Zaɓen 2018 ne ya kai Alexandria Ocasio-Cortez daga New York Majalisar Wakilai, tare da Ilhan Omar daga Minnesota da Rashida Tlaib daga Michigan, waɗannan biyun su ne mata Musulmi na farko da suka shiga majalisar.

Ni ba a talabijin na fara fahimtar su ba. A wurin aiki ne, ta dalilin wani dattijo Ba'amurke da muke ɗaukar kaya tare, mai ciwon suga. Aikin wucin gadi yake yi, don haka ba shi da inshorar lafiya. A nan ƙasar, inshorar yawancin mutane a jikin aikinsu take, ranar da aiki ya tafi ita ma ta tafi. Ina ganinsa lokacin hutun rabin awa, zai zauna a kan wani katako ya fito da allurar insulin daga cikin jakar abincinsa, ya ɗaga kwalbar ya dube ta a haske yana lissafin kwanakin da za ta kai shi. Ya gaya mini da bakinsa cewa rage adadin yake yi don ta kai ƙarshen wata. Wata rana ya faɗi a gabanmu, gumi na zuba, da muka ce za mu kira motar asibiti sai ya riƙe mini hannu yana roƙon kada mu kira, saboda kuɗin motar kaɗai zai cinye masa albashin makonni. A motata na kai shi. Wallahi Malam, a ƙasar da ta fi kowace arziki a duniya na ga wannan, kuma har yau idan na tuna yadda ya riƙe hannuna sai jikina ya yi sanyi.

Ga yadda abin yake. Obama ya sa hannu a dokar lafiya a watan Maris na 2010, wadda ake kira Obamacare. Ita ta hana kamfanonin inshora ƙin karɓar mutum don yana da tsohuwar cuta, ta kuma bar yara a kan inshorar iyayensu har su kai shekara 26. Dokar ta so a faɗaɗa Medicaid, wato shirin lafiya na talakawa, amma a 2012 Kotun Ƙoli ta ce kowace jiha ta zaɓa da kanta. Jiharmu ta ƙi har fiye da shekara goma. Mutum irin abokina sai ya faɗa tsakiya: bai cancanci Medicaid ba, kuma ba shi da kuɗin sayen inshora. Sai a Disambar 2023 aka faɗaɗa shirin a nan, mutum kusan 600,000 suka cancanta. Don adalci, majalisar jihar da ta amince a ƙarshe a hannun 'yan Republican take, amma waɗanda suka shekara goma suna zanga-zanga a Raleigh, babban birnin jiharmu, suna buga ƙofofi gida gida, masu ra'ayin kawo sauyin nan ne da limaman coci na baƙar fata. Jihohi irin su Texas da Florida har yanzu ba su faɗaɗa ba. Abin da Sanders da mutanensa ke nema ya wuce wannan: shirin Medicare, wanda tun 1965 yake kula da masu shekara 65 zuwa sama, a buɗe shi ga kowa, a biya daga haraji. Masu ra'ayin mazan jiya suna cewa haraji zai yi nauyi, layin asibiti zai yi tsawo, gwamnati za ta shiga tsakanin mutum da likitansa. Ba maganar banza suke yi ba, na san mutanen kirki da suka yi imani da hakan. Ni dai tun ranar da na ɗauki dattijon nan a motata na san ɓangaren da nake.

Batun albashi ma haka. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma tun 2009 ba a taɓa shi ba, jiharmu ma a kansa take. Masu aikin gidajen abinci ne suka fara neman dala 15 a New York a 2012, ana yi musu dariya, daga baya jihohi da dama suka bi. Hutun haihuwa kuwa, dokar 1993 ta ba da mako 12 ne ba tare da biya ba, kuma ba kowane ma'aikaci ta shafa ba. Lokacin da maiɗakina ta haifi 'yarmu ta biyu, ba ta yi arba'in ba ta koma aiki, ga ɗinki bai gama warkewa ba. Na tuna yadda ake yi wa mai jego a gida, wankan jego da kunun kanwa da 'yan'uwa kewaye da ita, sai na rasa abin da zan ce mata.

Sai bindiga. Wannan ita ce rigimar da ta fi ba baƙo mamaki. Gyara na biyu na kundin tsarin mulki, na 1791, ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, kuma miliyoyin Amurkawa suna ɗaukarsa kamar gadon iyaye. Maƙwabcina na farko mafarauci ne, kowace kaka sai ya kawo mini naman barewa, mutum ne mai amana. Amma wata rana 'yata, tana 'yar shekara 6, ta dawo daga makaranta tana ba ni labarin abin da suka koya. Malama ta kashe fitila, ta kulle ƙofa, suka tsugunna a kusurwar da ba a hangowa daga taga, aka ce kowa ya yi shiru ko da yana jin tari. Ta ce, "Baba, ni na fi kowa iya yin shiru." Tana murna take faɗa. Na shiga ɗaki na zauna na daɗe ban fito ba. A Disambar 2012 an kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook, a Mayun 2022 an kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde ta Texas. Yawancin masu ra'ayin kawo sauyi ba cewa suke a ƙwace bindigar mafarauci ba. Suna so a binciki tarihin duk mai saye, ko a hannun wa zai saya, a kuma dawo da haramcin manyan bindigogi irin na yaƙi da aka yi daga 1994 zuwa 2004. A jiharmu kuwa, a 2023 majalisa ta soke takardar izinin sayen ƙaramar bindiga duk da gwamna ya hau kujerar naƙi.

Yanzu ga ainihin tambayarka, ta me ya haɗa mu da su. A Janairun 2017 Trump ya hana mutanen ƙasashe bakwai shigowa, har da Sudan da Somaliya da Yemen. Daga baya Chadi ta shiga jerin na wani lokaci, a 2020 kuma aka sa Najeriya. Muna da 'yan'uwa 'yan Sudan da yawa a masallacinmu, akwai wanda takardun mahaifiyarsa suka tsaya cak. Waɗanda suka cika filayen jiragen sama a daren nan suna zanga-zanga, da lauyoyin da suka zauna a ƙasa da kwamfutocinsu suna rubuta ƙara kyauta, mutanen nan ne da ake ce musu lalatattu. Ranar Juma'ar da ta biyo baya mun fito daga salla muka tarar da mutane tsaye a bakin titi cikin sanyi, riƙe da kwalaye an rubuta cewa suna tare da mu. Cikinsu akwai Yahudawa, akwai Kiristoci, akwai waɗanda ba su yarda da kowane addini ba. Wanda ya tsaya maka a irin wannan rana ba ka mantawa da shi.

Ba a nan maganar ta ƙare ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi a duk ƙasar a 2015, su kuma suna ganin nasara ce irin ta yaƙin da baƙaƙe suka yi da wariyar launin fata, wanda a garin nan namu ne ɗalibai huɗu suka zauna a teburin cin abinci na farare a ranar 1 ga Fabrairun 1960 suka ƙi tashi. Da kotun ta soke 'yancin zubar da ciki na tarayya a Yunin 2022, sun yi baƙin ciki ƙwarai. Ni Musulmi ne, abin da addinina ya haramta ban isa in halatta shi ba, kuma haka nake tarbiyyar 'ya'yana. Abin da ya fi damuna shi ne littattafan da ake karanta wa ƙananan yara a wasu makarantu ba tare da an tambayi iyaye ba. A Maryland iyaye Musulmi da Kirista sun kai wannan magana kotu, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta goyi bayansu. Ina tare da iyayen nan. Akwai kuma wani hali da wasunsu ke da shi da ba na so: da zarar ka saɓa musu a abu ɗaya sai su ɗauke ka maƙiyi. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a birnin Minneapolis a Mayun 2020, na fita zanga-zanga, domin mu 'yan Afirka ta Yamma ba mu manta Amadou Diallo ɗan Gini da 'yan sanda suka yi wa harbi 41 a unguwar Bronx ta New York a 1999 ba. Amma da suka fara kiran a yanke kuɗin 'yan sanda sai na ja baya, don mu mazauna unguwannin talakawa mu ne muke kiran 'yan sanda idan dare ya yi. Mutanen Minneapolis da kansu sun ƙi amincewa da rushe rundunarsu a ƙuri'ar 2021.

Akwai wata tsohuwa Baturiya, malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda ta koya wa maiɗakina Turanci kyauta shekara biyu. Tutar masu auren jinsi na rataye a ƙofar gidanta. Da azumin bara muka gayyace ta buɗa baki, bayan an ci an sha sai ta tambaye ni kai tsaye ra'ayina a kan tutar. Na gaya mata gaskiya, ban rage komai ba. Ta yi shiru, fuskarta ta canza, ta ce ba ta yarda da ni ba ko kaɗan, kuma tana fatan wata rana zan sake tunani. Na ce mata ni ma ina yi mata irin wannan fata. Mako biyu bayan haka shugabar wurin aikin maiɗakina ta fara matsa mata a kan hijabi, tsohuwar nan ce ta zauna da ita har dare suka rubuta takardar ƙorafi, ita ce kuma ta tuƙa ta zuwa ofishin da aka kai takardar.