Ta yaya za mu auna iskar da garinmu ke fitarwa mai ɗumama duniya?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu a yankin Kura, jihar Kano. Muna so mu san yawan iskar da muke fitarwa mai ɗumama duniya, don mu tsara gyara. Sai mun sayi na'ura?

Amsa: Ɗan'uwa, littafi da biro sun ishe ku, sai haƙurin zagaya gari. Hanyar da manyan birane ke bi ita ce a ƙidaya abin da aka ƙona ko aka noma ko aka kiwata cikin shekara ɗaya, a ninka da adadin da masana suka riga suka fitar. Litar fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kusan 2.7, kilo ɗaya na gas ɗin girki kusan 3. Ku shata iyakar garin tukuna, sannan ku bi gidajen mai, masu injin niƙa, masu injin ban ruwa, 'yan adaidaita sahu da masu sayar da itace da gawayi. Ku sa mata cikin aikin, domin su suka san damin itace nawa gida ke ci a mako.

Amma a Kura, ina kyautata zaton babban kason yana cikin gonakin shinkafa da garken shanu. Idan ruwa ya daɗe kwance a gona, iska ba ta shiga ƙasa, sai ƙananan halittu su ruɓar da ciyawa da tushiya su fitar da iskar mitan. Mitan kuwa, a lissafin shekara 100, ta ninka kabon ƙarfin riƙe zafi kusan sau 28. Haka saniya ke fitar da ita wajen tuƙa, kilo 30 zuwa 50 a shekara. Lissafin da ya tsallake waɗannan biyun bai kama hanya ba, don haka ku nemi yawan hektar shinkafa a wajen malaman gona, yawan shanu a wajen ardo.

In kun gama, ku ɗauki abu ɗaya ko biyu da suka fi girma, waɗanda gyaransu zai amfani aljihun mutane. Ga manomin shinkafa, a riƙa barin ruwa ya janye har ya sauka kamar santimita 15 ƙarƙashin ƙasa kafin a sake ba da wani, ban da lokacin da shinkafar ke fure. Wannan yana rage mitan sosai, ya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100, man injin ma ya ragu. Murhu mai tsimin itace shi ne na biyu a wurina.

Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma yi alƙawarin daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa nan da 2060. Ku ajiye alƙaluman da kyau, ku maimaita ƙidayar bayan shekara 2 ko 3 a kan iyakar nan da kuka shata, don ku ga ko gyaran ya yi aiki.