Tambaya da Amsa: Babur Ɗina Yana Mutuwa Ana Cikin Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Maradi, ina zaune a unguwar Zariya, kuma babur ɗina mai ƙarfin 125 ya shekara uku a hannuna. Da safe bugu ɗaya nake yi masa ya tashi, amma idan na ɗauki hanya mai ɗan nisa, kamar ta Tibiri ko ta Madarumfa, sai ya soma fizga yana rage ƙarfi har ya mutu. Idan na jira minti biyar ko goma sai ya sake tashi kamar babu abin da ya same shi. Na canza buji (fulogi) sau biyu, an kuma wanke mini kabureta, amma ba ta sauya zane ba. Yanzu bakanike ya ce sai an sauke inji. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yarda a sauke injin tukuna. Injin da ya ci ciki yakan yi wuyar tashi, ya riƙa zubo hayaƙi yana shan baƙin mai, kai kuwa ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ka bayyana ya fi kama da yankewar mai ko yankewar wuta, kuma dalilin da ya sa aka kasa gano shi a gareji shi ne, kafin ka isa wurin bakanike babur ya huce ya warke da kansa. Saboda haka binciken naka ne, kuma a bakin hanya za ka yi shi, a daidai lokacin da ya mutu.

Yadda yake mutuwa ma shaida ce. Babur ɗin da wuta ta yanke masa yakan ɗauke gaba ɗaya, tamkar an murɗa makulli, shi kuwa wanda mai ya gaza isa gare shi yakan yi ta fizga yana sanyi kafin ya tsaya, wanda shi ne abin da ka faɗa. Don haka da zarar ya soma, ka kama kuloci ka gangara gefen titi, sannan ka buɗe murfin tanki kana saurare. Idan ka ji iska ta shiga da ƙara, kuma babur ya tashi ba da jimawa ba, to ka kama ɓarawonka. A jikin murfin akwai wata 'yar ƙaramar kafa da iska ke bi ta maye gurbin man da ya sauka, kuma idan ƙurar hunturu ko tsatsa ta toshe ta, man yakan daina gangarowa duk da tanki yana cike. Hutun minti goman da kake yi shi ne lokacin da iska ke samu ta kutsa a hankali. Maganinsa wanke murfin ne ko sayen sabo, kuma abin takaici ne a ce an tsaga inji saboda wannan.

Idan murfin bai yi ƙara ba, ka kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kabureta ka tara man a farar kwalba. In ya fito kaɗan ya tsaya, ko yana ɗiga, toshewar tana sama, wato a rariyar da ke cikin makunnin mai ko a tiyo, kuma wanke kabureta sau goma ba zai yi amfani ba matuƙar dattin yana kwance a cikin tanki. Ka kuma ɗaga kwalbar ka duba ta a haske, domin ruwa ya fi mai nauyi, za ka gan shi ya taru a ƙasa. Ba na cewa duk man 'yan ruwa-ruwa gurɓatacce ne, galibinmu a wurinsu muke sha, sai dai man da ya bi ta jarka zuwa kwalba a bakin titi yana da ƙofofi da yawa da yashi da ruwa za su shiga, musamman da damina. Ka riƙa lura ko mai zuba maka yana tacewa da ƙyalle a bakin mazurari.

Idan mai yana zuba sosai, sai ka koma kan wuta tun injin yana da zafi. Ka cire buji, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da inda mai ya zuba, sannan ka buga. Ya kamata ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi. Idan babu, amma ya dawo bayan babur ya huce, to bobin ne (mai ƙara wa wutar buji ƙarfi) ko akwatin CDI (mai saita lokacin da wutar ke tashi) ko kuwa naɗin wayar da ke cikin inji yake gazawa idan ya ɗau zafi. A gwada su ɗaya bayan ɗaya da na aro kafin ka sayi ko wanne. Tunda buji yana hannunka, ka dubi bakinsa: launin ruwan ƙasa lafiya ce, baƙi mai toka yana nuna mai ya yi yawa ko matacin iska ya toshe, fari fat kuma yana nuna mai ya yi kaɗan.

Abu na ƙarshe da zan so bakanikenka ya auna shi ne ratar supap, wanda wasu ke kira bawul, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa mai da iska su shiga inji, hayaƙi kuma ya fita. A irin waɗannan injuna ratar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma ana saita ta ne injin yana da sanyi. Idan ta matse, ƙarfe yakan kumbura da zafi har supap ya kasa rufewa sosai, sai inji ya rasa matsi ya mutu. Murfin kan inji kawai ake buɗewa a gyara wannan.

Wuri ɗaya ne zan goyi bayan bakaniken. Idan babur ya mutu ka taka kik ka ji ya ƙage, ko ka ji ƙarar ƙarfe kafin ya tsaya, kada ka sake tayar da shi. Ka duba baƙin mai a nan take, kuma idan ya ƙafe, ka tura babur ɗin zuwa gareji da hannu.