Guguwar rana za ta iya fasa tashar nukiliya?

Malam, ka tambaya ko guguwar rana, wato ɓurɓushi masu cajin lantarki da rana ke fesowa zuwa duniya, za ta iya tarwatsa tashar nukiliya. Kai tsaye dai a'a, layukan lantarki da taransifoma take wa ɓarna. A Maris 1989 wata irin wannan guguwa ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na awa 9, ta lalata taransifoma a tashar nukiliya ta Salem a Amurka.

Inda gizo ke saƙa shi ne wutar ta daɗe ba ta dawo ba. Ko an kashe tashar, makamashin bai daina fitar da zafi ba, dole famfo ya yi ta zagaya da ruwa. Janaretocin dizal ke ɗaukar nauyin nan, muddin ana kawo mai. A tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, a 2011, ambaliyar teku ce ta cinye su, sanyayawa ta tsaya.