Wai shi mine ne? Amsar Gwaggo daga Tawa

Ɗiyata, saƙonki ya iso tun daren Alhamis, na sa an kunna mini shi har sau uku. Na farko dariya na yi har da tari. A na ukun jikina ya yi sanyi. Kin ce mushen su maigidan nawa, wato malamin ɗan naki, ya ce ranar bikin al'adu kowane yaro ya zo lakwal da kayan ƙabilarsa, shi ne yaron ya tsare ki a madafa yana tambaya, da Faransanci ma, wai shi mine ne. Ubansa Bazabarme, ke Ba'adara, shi kuma haihuwar Yamai. Kina so in faɗa miki ko a al'ada ɗa na uba ne kaɗai, ko ke ma kina da bakin ce masa ɗan Adar ne.

Oh ni! Yaro ɗan shekara tara, sai tela ya faɗa masa ko shi wane ne. Da muna yara fuska ce ke magana. Ka ga Bagobiri da zanensa, shida a kunci guda, bakwai a ɗayan; ka ga Ba'are da nasa biyu tun daga gefen baki har kunne, ba ka buƙatar tambaya. Ban ce a koma wa aska ba, Allah ya kiyaye. Amma da aka ajiye askar wanzami, kamata ya yi baki ya karɓi aikin, sai bakin ma ya yi shiru.

Bari in ba ki labarin da ko mahaifinki bai riske shi da wayo ba, yana goye lokacin.

A 1974 ina da shekara goma sha biyu. Fari ya cinye dabbobin arewa, mutanen Azawak suka gangaro Tawa daga wajen Abalak da Cintabaradan, masu garken shanu jiya, yau ba ko akuya. Mu kanmu jar dawar taimako muke ci, wadda tuwonta ke tsaya wa mutum a wuya. Wata rana da hantsi kakarmu Inna Babba, uwar babanmu, tana zaune tana sheƙar dawar nan a faifai, sai ga wani tsoho a bakin zaure. Rawaninsa ya koɗe, shunin ya rine masa kumatu, yana riƙe da wani akushi baƙi yana son sayarwa. Bai iya Hausa ba. Abin da ya fito daga bakinsa kawai shi ne "aman". Ni ban san ruwa yake nufi ba, na tsaya ina kallonsa.

Inna Babba ta ajiye faifan. Ta ce in kawo ruwa a ƙwarya mai kyau, ba ta kullum ba. Kafin in dawo na tarar da ita durƙushe a bakin zaure tana magana da wani harshe da ban taɓa ji a bakinta ba tunda aka haife ni, kuma ba ta ko tuntuɓe. Ƙwaryar ta kusa suɓuce mini. Matar da ke yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, mai zagin mu da Adaranci tsantsa, ashe Buzuwa ce.

Ta tambaye shi rijiyar da suke shayarwa, ya faɗa. Ta kira sunan wata mata, ya ɗago kai. Ta kira na biyu, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Daga nan ya share rairayi da tafin hannu yana zana wasu ɗigo-ɗigo da da'ira da ƙananan sanduna, ita ma ta sa yatsa tana gyara masa. Daga baya na san Tifinag ake ce wa rubutun. Suna jera sunayen iyaye mata ne, uwa bayan uwa, har suka haɗu a kan mace guda. Ɗan ƙanwar mahaifiyarta ne. Tsohon ya ja rawani ya rufe idanunsa, kafaɗunsa na rawa. Inna Babba ba ta yi kuka ba, tashi ta yi ta ce wa babanmu a share ɗakin da ake ajiye kayan noma. Su bakwai suka zauna da mu har damina ta sauka, mudun da bai ishe mu ba aka raba shi biyu. Akushin bai sayu ba. A ciki muka riƙa cin tuwo tare.

Da dare na tambaye ta don mi ba ta taɓa faɗa mana ba. Ta ce tana yarinya aka kawo ta aure, kishiya ta yi ta yi mata gori da asalinta, ita kuwa ta haɗiye harshenta don 'ya'yanta su zauna lafiya. Sannan ta ce mini, "Na yi kuskure. Wanda bai san sunan kakarsa ba, wata rana zai kori ɗan uwansa daga bakin zaure." Shekara uku bayan haka ta rasu. Abin da na kwasa daga gare ta bai wuce "aman" da "tanimmert" ba, ruwa da godiya. Sunayen nan da aka zana a rairayi iska ta share su tun ranar, ni kuma wauta ta hana ni zama in haddace. Har yau yana ci mini rai.

To kin ga, ke da kike cewa ke Ba'adara ce zalla. Adar ɗin kanta haka take. Sarautar Sarkin Adar da ke Illela daga Agabba ta fito, ɗan Sarkin Agadas. Tawa ma ƙauyuka biyu ne suka haɗe, Bilbis da Fakawa. Mazanmu kuma tun kaka da kakanni suna cin rani, nawa ne suka dawo daga Abijan da Kumasi da mata da 'ya'ya? Gaskiya ne yaro sunan ubansa yake ɗauka, dangin uba ke raɗa masa suna ranar bakwai. Amma babanmu yakan ce uba ke ba da suna, uwa ke ba da harshe, kuma ba a taɓa jin ɗan da ya je gidan kawunsa aka ce masa baƙo ba.

Abin da ya fi damuna ba rigar ba ce, Faransancin nan ne a madafa. Na ji ku da kunnena a salula, ke da mijinki da yaran, ba Hausa ba Zabarmanci. Ku bar wa lakwal aikinta. Surukarki tana nan Harobanda, gada kawai za ku ƙetare. Ki kai mata su su kwana, ta ba su kopto, kwaɗon zogalen Zabarmawa, da hannunta, ta faɗa musu tatsuniyar yadda Mali Bero, kakan Zabarmawa, ya tashi sama da mutanensa a kan gindin rumbu har suka sauka Sargan. Kada ki ji kishi in sun dawo suna "fofo", sannun Zabarmawa. Kuma ki gaya wa maigidan nawa Zabarmawa da Buzaye abokan wasa ne, shi ke nan a jikinsa guda yana da mai tsokana da wanda ake tsokana. Wasan nan na taubasantaka da kuke rainawa, a 2014 UNESCO ta sa shi cikin abin gadon duniya da sunan Nijar.

Kin ce kin kai su gidan tarihi na Bubu Hama sun ga bukkokin ƙabilu. Madalla, amma bukkokin can ba kowa a ciki, ba mai amsa sallama. Zumunta a ƙafa take. Shekara huɗu rabon yaran nan da Tawa, alhali mota safe take tashi ta bi Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kafin magariba kun iso.

Maganar rigar kuwa, ku shirya da mijinki, ni ban san abin da telolin Yamai ke ɗinkawa ba. Ki dai kawo mini su da babban hutu, in kai su kasuwar Lahadi su ci cuku. Akwai wata sarƙar azurfa ta Inna Babba a ƙasan adakata, ƙunshe cikin tsumma, tun rasuwarta ban nuna wa kowa ba. Ina so in buɗe ta a gabansu tun idona na gani. Ki gaishe da surukarki, ki ce ina mata ban gajiya da jikoki.