Zan sauke tsohuwar DC, ya zan yi kada imel ɗin ofis ya tsaya?

Tambaya: Salam malam. A wajen aikinmu akwai tsohuwar saba mai kula da domen, wato DC, tana kan Windows Server 2012 R2. Na haɗa sabuwa da 2022, ta shiga lafiya, na mayar mata da FSMO, wato matsayan jagorancin domen, duka biyar. Imel ɗinmu Exchange 2019 ne a saba daban. Zan iya sauke tsohuwar daga matsayin DC yanzu? Oga ya ce ko na awa ɗaya imel ya tsaya ni zai kama.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sauke ta kam ya zama dole, tun 10 ga Oktoba 2023 Microsoft ta daina tallafa wa 2012 R2, amma dakata tukun, don FSMO ɗin da ka mayar ba shi ne ya fi damun Exchange ba. Abu biyu take nema kullum, Global Catalog, wato kundin sunayen masu amfani da domen, da DNS mai fassara sunan na'ura zuwa IP, kuma a nan ne mutane suke shan kashi.

Exchange ba ta ajiye sunayen ma'aikata da adireshinsu a cikinta, duk saƙon da ya shigo sai ta tambayi Global Catalog wane ne wannan, ina akwatinsa, to in tsohuwar ce kaɗai ke da wannan matsayin ka sauke ta, Outlook zai fara neman kalmar sirri ba ƙaƙƙautawa, saƙonni su taru a layi. Buɗe Active Directory Sites and Services, shiga NTDS Settings na sabuwar, ka ga an yi mata maki a Global Catalog, kuma site ɗinsu ɗaya da Exchange.

Sai katin netwok na sabar Exchange ɗin. Da hannu ake sa masa DNS, kuma ina kyautata zaton IP ɗin tsohuwar ce har yanzu a wurin, canza shi. Ka gyara option 006 a DHCP ma, wato inda ake raba wa kwamfutoci adireshin DNS, da firinta ko sikana da ke neman sunaye a wurin DC ta LDAP, su ake yawan mantawa.

Yanzu ka tambayi Exchange da kanta wa take gani. A Exchange Management Shell rubuta Get-ExchangeServer -Status | fl Name,Current*,Static* ka duba. In ka ga sunan tsohuwar a StaticDomainControllers ko StaticGlobalCatalogs, wani ne ya ɗaure ta a can da hannu, kwance ta. A Event Viewer kuma nemi lamba 2080, tana fitowa kusan duk minti 15 da jerin DC ɗin da Exchange ta gano, sabuwar ta kasance a ciki.

Kafin komai repadmin /replsummary, mai duba daidaitawar DC ɗin biyu, ya nuna sifili a kurakurai, dcdiag mai gwada lafiyar DC ya wuce. Agogo ma, tunda PDC Emulator, matsayin FSMO mai riƙe da agogon domen, ya koma sabuwar, saita ta ta riƙa ɗaukar lokaci daga waje da w32tm, don Kerberos, tsarin tantance masu shiga domen, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5.

Abin da ni dai ba na tsallakewa shi ne gwaji. Kashe tsohuwar kawai, kada ka sauke ta, ka bar ta a kashe kamar sati ɗaya ka ga wa zai yi kuka, in wani abu ya lalace kunna ta kawai za ka yi, wanda in ka riga ka sauke babu wannan damar. Ranar farko Exchange na iya ɗan ɗaukar lokaci kafin ta saki tsohuwar, in ta nace sai ka sake tayar da Microsoft Exchange Active Directory Topology bayan an tashi aiki, don sauran sabis ɗin za su tashi tare da shi.

In satin ya wuce shiru, kunna ta, bari su daidaita da sabuwar, sannan ka sauke ta ta Server Manager ko da umarnin Uninstall-ADDSDomainController. Don Allah kada ka taɓa akwatin da ke cewa ita ce DC ta ƙarshe a domen, haka ma akwatin sauke ta da ƙarfi. In akwai Certificate Authority, mai ba da satifiket na tsaro, a kanta sai ka kwashe shi tukun, ba za ta sauku ba. Bayan nan goge sunanta a Sites and Services da ragowar bayananta na NS da SRV a DNS, kuma ka roƙi oga ya sayi DC ta biyu, don yanzu guda ɗaya tak ta rage maka.