Hukuncin Koyon Kareti, Tekwando da Damben Boksin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Jekadafari ne a Gombe, shekarata 24. Tun da aka ƙwace min waya a hanyar dawowa daga kasuwa nake son shiga ajin tekwando ko boksin. Na je na ga yadda suke atisaye, amma abu biyu sun tsaya min a rai: suna rusuna wa koci kafin a fara, kuma suna naushin juna a fuska. Shin ya halatta in shiga? Ban yi girma da farawa ba? Yaya zan yi da azumi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya mayar maka da mafi alherin abin da ka rasa, ɗana.

Asalin koyon waɗannan wasanni halal ne, idan kuma niyya ta gyaru har lada ake samu. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, kuma kowannensu da alherinsa. Habashawa sun yi wasa da mashi a cikin masallacinsa yana kallo, Nana A'isha ma tana kallo ta bayansa. Malaman sira sun kawo cewa gab da yaƙin Uhudu, Samura ɗan Jundub ya yi kokawa da Rafi'u ɗan Khadij a gabansa, ya kayar da shi, sai aka yarda masa ya fita tare da runduna. Kasancewar kareti daga Okinawa ta Japan ya fito, tekwando kuma daga Koriya, ba ya haramta su. Abin da ake dubawa shi ne me ake yi a cikinsu.

Don haka gudu, tsallen igiya, miƙa gaɓoɓi, dukan buhu, harbin katifar da koci ke riƙewa, koyon tsayuwa da kaucewa da tarewa, duk babu laifi. Kusan duk abin da sabon shiga zai yi a watanninsa na farko ke nan. Shekara 24 kuwa ba girma ba ne. Ƙafarka ba za ta kai inda ta yaro ɗan shekara 8 ke kaiwa ba a makon farko, amma jiki yana saki a hankali. Ka fara da kwana biyu ko uku a mako. Idan kana da hawan jini, farfaɗiya ko tsohon rauni a kai, ka ga likita tukuna.

Maganar fuska ita ce mai nauyi, a nan nake so ka tsaya da kyau. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce idan ɗayanku zai yi faɗa, to ya nisanci fuska. Idan an hana wannan a faɗan gaske, ina ga wasa tsakanin Musulmi biyu da ba su da wata gaba? A kan wannan hadisi, da ayar Baƙara ta 195 da ta hana jefa kai cikin halaka, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya da ke Makka, ta yanke a zamanta na shekarar 1408 Hijira, wato 1987, cewa damben boksin irin wanda ake yi a gasa haramun ne. Ni ma a kan haka nake. Wasa ne da babbar nasara a cikinsa ita ce ka sumar da ɗan'uwanka.

Wasu samari sukan ce min, ai Malam mun yarda da juna, kuma muna sa hula da robar baki. Yarda ba ta halatta cuta, domin jikinka amana ce a hannunka, ba mallakarka ba ce da za ka ba wani izinin lalata ta. Hula kuwa fata take karewa daga tsagewa. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, duk naushin da ya juya kai da ƙarfi sai ta girgiza ta bugi ƙashi, da hula ko babu. Akwai wani dattijo da muke sallah sahu ɗaya, ɗan damben gargajiya ne a ƙuruciyarsa, har yau tabon kara, wato naɗin da 'yan dambe ke yi a hannu, yana gefen idonsa. Na sha ganin ya riƙe kofin shayi da hannu biyu, yana zubewa a kan rigarsa kafin ya kai baki. Duk lokacin da na ga haka sai zuciyata ta karye. Hukuncin damben namu ɗaya ne da na boksin, ƙari a kansa ga layu da ake ɗaurawa da cacar da ake yi a gefen fili.

Tekwando da kareti suna da sauƙi a kan haka, amma ba su kuɓuta gaba ɗaya ba. A gasar tekwando an hana naushi a fuska, sai dai harbin kai da ƙafa maki gare shi, har ya fi na ƙirji. To kai ka gaya wa kocinka tun ranar farko cewa za ka yi gwaji da abokanka a jiki kawai, da rigar kariya, ba da cikakken ƙarfi ba. Idan hannu ya kuɓuce ya taɓa fuska bisa kuskure, babu zunubi. Kocin da ya ce dole sai an fasa maka hanci kafin ka zama namiji, ka bar masa ajinsa.

Rusunawa kuma: Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Annabi (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya ce a'a, da aka tambaye shi musafaha ya ce e. Ban ce wanda ya rusuna don gaisuwa ya yi shirka ba, tun da ba bauta ya nufa ba, amma hani ne, kuma ya fi muni idan ga hoto ko tuta ko filin da babu kowa ake yi. Ka yi sallama, ka miƙa hannu, ka yi wa kocin bayani cikin ladabi a keɓe. Yawancinsu a nan Musulmi ne, za su gane.

Kayan kareti da na tekwando suna rufe al'aura, gajeren wandon boksin ne ke buƙatar a sa dogo a ƙarƙashinsa. Kada ka yi gwaji jiki da jiki da mace, kuma idan an kira Magariba kana tsakiyar atisaye a filin Pantami, ka tsaya. A Ramadan atisaye ba ya karya azumi, amma ba uzuri ba ne na shan ruwa. Ka mayar da shi bayan tarawihi, ko ka yi mara nauyi dab da buɗa-baki.

Saura dalilin da ya kai ka. Mun san abin da 'yan daban Kalare suka yi wa garin nan, da Sara-Suka a Bauchi. Shari'a ta ba ka damar kare kanka da dukiyarka, amma ba ta wajabta maka ka tari wuƙa da hannu saboda waya ba. Wata shida na tekwando ba ya tare gariyo, baƙar ɗamarar da ƙwararru ke ɗaurawa ma ba ta tarewa. Idan sun zare makami kuma akwai hanyar tsira, ka miƙa wayar ka kai rahoto ga hukuma.

Wallahu a'alam.