Amsa: Zaman hunturu a Puerto Vallarta

Hajiya, kin tambaya yadda zama yake a Puerto Vallarta ta ƙasar Meksiko daga Disamba zuwa Fabrairu, da ko shagulgulan lokacin za su takura ku.

Lokacin rani ne a can, ruwan sama sai jefi-jefi. Rana da ɗumi, dare da ɗan sanyi, rigar sanyi marar nauyi ta isa. Ruwan sha kuwa na babbar gora mai lita 20 ake saye, mota ke zagayawa da shi unguwa-unguwa.

Daga 1 zuwa 12 ga Disamba ake jerin gwano zuwa cocin Guadalupe da ke tsakiyar gari, da ganguna da kyandirori, ana ta harba abin wasan wuta. Idan akwai jariri, ku nemi gida nesa da cocin. Daga 16 zuwa 24 kuma sai posadas: maƙwabta na bin gida-gida da waƙa, a ƙarshe a ɗaure wa yaro ido da ƙyalle, a ba shi sanda ya yi ta dukan piñata (wata tukunya mai ado da aka cika da alewa aka rataye) har ta fashe, alewa ta zube, yara su yi wawa. Ni dai wannan ya fi burge ni, don har baƙo ake jawowa.

Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne abinci. Tamales (ƙullin masara da ake naɗewa a ganye a turara) da dafaffen wake galibi da kitsen alade ake yi, manteca suke ce masa. Ki tambaya kafin ki ci, ba sa jin haushi. Gasasshen kifi kuwa ga shi nan birjik a bakin teku.

Kada ku bar garin ba ku shiga jirgin ruwa kun ga manyan dabbobin tekun nan masu kama da kifi (whale) da ke shigowa Bahía de Banderas, wato sashen tekun da garin ke bakinsa, haihuwa ba, suna nan har Maris.